Ciyayyar Benzin

Dakta Mu'azu bai gama kulle motarsa ba ya jiyo dariyar. Daga gindin darbejiyar da ke gaban Sashen Kemistiri take fitowa, inda ɗalibai suka haɗa kai a kan waya guda. Da ya wuce abinsa, don shi ba mutum ne mai tsayawa sabgar ɗalibai ba, gaisuwarsu ma da ka yake amsawa. To amma kunnensa ya riga ya tsinci muryar da ke cikin wayar, ya kuma tsinci abin da take faɗa, sai ƙafarsa ta ƙi gaba.

"Ku ɗauka magidanta shida ne a ƙofar gida bayan magariba," in ji muryar. "Kowa ya fito da kwanon tuwonsa guda, sun yi da'ira a kan tabarma. Da an dire kwanukan a tsakiya, wanne ne na wa? Babu. Hannun kowa yana kaiwa ko'ina. To haka benzin yake. Kabon shida ne a zobe, kowanne ya ba da ilektiron guda, aka zuba a tsakiya ana ci tare. Shi ya sa ba a raba su ta daɗi."

Muryar Malam Ja'afar ce, ƙaramin malami a sashen. Shi Mu'azu ya koyar da shi tun yana ɗan ƙauye daga Ɗankaza, wanda ko riƙe kwalbar gwaji bai iya ba. Shi ya duba masa aikin digirinsa na biyu, shi ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka ɗauke shi aiki, shi ya samo masa gidan haya a unguwarsu da ya yi aure. Bara, da Mu'azu zai tafi hutun bincike na shekara guda, ya danƙa masa kwas ɗin da ya fi so a duniya, kwas ɗin sinadarai masu zobe, ya ce ya riƙe masa kafin ya dawo. Ya dawo ya tarar aron ya yi saiwa. Wani ɗalibi ya ɗauki laccar Ja'afar a waya, bidiyon ya zaga gari, har ɗaliban wasu jami'o'in suna tura wa juna. Sunan da aka sa masa shi ne ciyayyar Malam Ja'afar, kuma wannan sunan ne yake hana Mu'azu sukuni tun da ya dawo.

Yau Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya za a yi mitin ɗin rabon kwasa-kwasai na sabuwar shekara. Mu'azu ya san abin da ake raɗe-raɗi a sashen: za a bar wa yaron kwas ɗin.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, misalin nasa ne, shi Mu'azu. Ya tuna daren sarai. A ƙofar gidansa ne, inda su shida suke ciyayya kullum bayan magariba: shi, da Gwadabe dillalin shanu, da Isyaku mai ɗinkin riga, da Maikano mai kifi a bakin gada, da ladanin unguwa, sai Ja'afar da ya shigo daga baya. Gwadabe ne, da bakinsa da ba ya shiru, ya ce, "Wai Dakta, me kake koya wa 'ya'yan mutane da har furfura ta fito maka a kai?" Sai Mu'azu ya yi musu bayani. Ya ce akwai wani sinadari, benzin, da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A takarda ana zana shi zobe mai kusurwa shida, nan ɗauri guda, can tagwayen ɗauri, ana tsallakawa. Sinadarai masu tagwayen ɗauri kuwa an san su da rawar kai, da an ɗiga musu ruwan buromin sai su cafke shi, launinsa ya ɓace nan take. Benzin ko gezau. Da aka auna gefunansa shida sai aka tarar duk tsawonsu ɗaya, babu dogo babu gajere. Gwadabe ya yi hamma. Ganin haka Mu'azu ya jawo kwanukan da ke gabansu, ya jera su, ya ce, "To ku dubi nan." Ya faɗi abin da yanzu yake fitowa daga wayar ɗalibai, kusan kalma da kalma.

Aka yi dariya a daren, aka wanke hannu, aka tashi sallar isha'i. Mu'azu bai taɓa kai maganar aji ba. A ganinsa ɗakin lacca ba wurin tuwo ba ne. Shi da Turancinsa tsantsa yake shiga, ya cika allo da zane, ya fita, wanda ya gane ya gane. Wannan ɓangaren na labarin ba ya son tunawa, don haka ba ya tuna shi.

Ya matsa kusa da ɗaliban. Suka watse da sauri kamar an kama su da laifi, mai wayar ya cusa ta a aljihu. Wata yarinya ce kawai ta tsaya, doguwa mai farin gilashi, Khairiyya, wadda ta fi kowa maki a kwas ɗin bara.

"Ina kwana, Malam. An dawo lafiya?"

"Lafiya. Na ji kun ƙware a zobe."

"Alhamdu lillahi, Malam. Ai Malam Ja'afar ya sauƙaƙa mana shi. Da can in na ga benzin gabana faɗuwa yake yi."

Da can ɗin nan ta soke shi, don da can shi ne. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi a gaban ɗalibi ba, ya sa makullin mota ya zana zobe a ƙasa, amma mai kusurwa biyar. Ya ɗiga alamar cajin ragi a gefe, wato zoben yana da ƙarin ilektiron guda.

"Wannan fa? Kabon biyar. Yana da irin zaman lafiyar benzin ko ba shi da ita?"

Khairiyya ta gyara gilashinta, ta ƙirga kusurwoyin da yatsa. Ba ta ko yi jim ba.

"Ba shi da ita, Malam. Mutum biyar ne, ciyayyar ba ta cika ba."

"Kin tabbata?"

"Sai shida, Malam."

Sauran ɗaliban da suka dawo suna leƙe suka gyaɗa kai. Mu'azu ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa. Amsar ba daidai ba ce. Wannan zoben mai kabon biyar yana cikin waɗanda suka fi kowa zama daram, duk littafin da ka buɗe za ka gan shi. Malamin kirki zai gyara mata a nan take, abin bai fi jimla biyu ba. Shi kuwa ya sa takalmi ya shafe zanen, ya ce, "Madalla," ya wuce. Wani daɗi mara kyau ya cika masa ciki, ya kuma san mara kyau ne, bai dai hana shi jin sa ba.

A barandar sashen ya ci karo da Ja'afar. Yaron ya russuna har ƙasa kamar kullum, ya karɓi jakar hannunsa. Siriri ne, da 'yar hularsa da ta sha wanki, da murmushin da yake sa mutum ya rasa ta inda zai fara jin haushinsa.

"Malam, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya su Umma? Ya gajiyar jiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya Sakina?"

"Tana gaishe ka. Ta ce yau dambu za ta yi, tunda ka ce ka yi kewarsa a can."

Suka jera zuwa ofis. Mu'azu ya ce a ransa bari ya ba shi dama guda. In ya faɗi gaskiya, shi ke nan, ya huce. Ya zauna, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur.

"Na ga bidiyonka yana ta yawo. Wannan misalin na ciyayya, a ina ka samo shi?"

Fuskar Ja'afar ta washe. "Wallahi Malam, ikon Allah ne kawai. Ina tsaye gaban allo, na yi bayani sau uku, na ga idanunsu duk sun mutu. Kawai sai ya faɗo mini. Ka san mu a Ɗankaza da ciyayya muka tashi, tun ina ɗaukar wa babana kwano. Ina jin daga can ne."

Mu'azu ya ɗago ya dube shi sosai, yana neman ƙarya a idonsa. Bai samu ba. Da ya samu da ya fi masa sauƙi. Yaron ya manta ne, tsakani da Allah. Yana zaune a hagunsa a daren, gwiwarsu na gugar juna, shi ya miƙo masa kwano na shida da hannunsa, amma ya manta. Ya ci, ya narke a cikinsa, ya zama namansa.

"Allah ya ƙara basira," in ji Mu'azu.

"Amin, Malam. Ai duk tarbiyyarka ce." Ja'afar ya ɗan sosa ƙeya. "Batun kwas ɗin nan kuma, ni duk yadda aka yanke daidai ne. Na dai ji daɗin koyar da shi, ba zan ɓoye maka ba."

"Za mu gani a mitin."

Ɗakin mitin ya cika, fanka tana juya zafi. Shugabar sashe, Farfesa Ikilima, mace ce mai son a gama abu a tashi. Ta bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, babu gardama, har aka zo kan na zobe. Nan ta cire gilashi ta ajiye.

"Wannan na Dakta Mu'azu ne tun fil azal, kowa ya sani. Amma bara Malam Ja'afar ya riƙe shi, kuma ban taɓa ganin an ci kwas ɗin nan kamar bara ba. Ɗalibai har ofis suka biyo ni. Shawarata, a bar masa ya ci gaba. Dakta, kai kuma ka ɗauki 'yan digiri na biyu, sun fi buƙatar irinka."

Irinka. Mu'azu ya ji kalmar kamar an ce masa tsoho a fakaice. Ya ga wasu suna satar kallonsa, ya ga Ja'afar ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, ba na jayayya da shawararki. Ja'afar ɗana ne, ci gabansa nawa ne. Tambaya guda gare ni. Cin jarrabawa muke so, ko sanin kemistiri?"

Ya tashi, ya nufi ƙaramin allon da ke bangon, ya zana zoben nan mai kusurwa biyar da alamar cajinsa. Ya ba da labarin abin da ya faru a gindin darbejiya, bai ƙara ba bai rage ba, don abin ba ya buƙatar gishiri.

"Ɗalibar da ta fi kowa maki ke nan. Ta dubi wannan, abin da ɗan aji biyu ya kamata ya sani yana barci, ta ce mini ciyayya ba ta cika ba. Ba ta ƙirga ilektiron ba, ba ta tuna ƙa'idar lissafinsu ba, ba ta tambayi ko zoben a shimfiɗe yake ba. Magidanta ta ƙirga. Waɗannan za mu ba wa shaida su fita, su je gaban masu ɗaukar aiki su ce tuwo bai isa ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Jami'in jarrabawa, wanda bai da niyyar shiga faɗan kowa, ya ce gaskiya akwai irin wannan tambayar a jarrabawar bara, kuma ita ce kusan duk ajin suka faɗi, sauran tambayoyin ne suka ɗaga su.

Farfesa Ikilima ta juya. "Malam Ja'afar?"

Ja'afar ya miƙe. Ya dubi allon, ya dubi malaminsa. Kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi.

"Na koya musu ƙa'idar, ranki ya daɗe. Na rubuta ta a allo. Ban san misalin ya danne ta haka ba." Ya sake duban allon. "Ban yi tunanin ta nan zai ɓullo ba. Kuskurena ne."

"To Dakta," in ji Farfesa, "kai ne gwani a nan. Shi misalin, gyara yake buƙata, ko kuwa daga tushe ne ba shi da kyau? Ni dai da na kalla ya burge ni, ban ɓoye ba. Na ce wanda ya ƙirƙiro wannan malami ne na gaske."

Nan fa Mu'azu ya tsaya da alli a hannu. Abin da yake jira a ce tun da ya dawo, ga shi an faɗa, a gaban kowa, sai dai an miƙa wa wani. Kalma biyu suka rage masa: nawa ne. Gwadabe shaida ne, Isyaku shaida ne. Amma in ya ce nasa ne, ɓarakar da ya gama nunawa ta zama tasa, kuma za a ce to ku haɗu ku gyara, yaron ya ci gaba da kwas. In kuwa ya ce ba shi da kyau, kwas ya dawo gida. Ba zai samu duka biyun ba. Ya dubi Ja'afar, ya tuna fuskarsa tana washewa yana cewa kawai sai ya faɗo mini, sai zuciyarsa ta bushe.

"Daga tushe ne, ranki ya daɗe. Hira ce ta bakin tabarma. Tana da daɗin ji, shi ya sa take da haɗari. Tuwo daban, kimiyya daban. Ni a shawarata ma kada a sake kai irin wannan gaban ɗalibanmu."

Farfesa ta kalle shi, sannan ta mayar da gilashinta.

"Shi ke nan. Kwas ya koma wurin Dakta Mu'azu. Malam Ja'afar, ka ɗauki gwaje-gwajen 'yan aji ɗaya. Ka kuma gaya wa yaran nan su daina yaɗa bidiyon da sunan sashenmu. Misalin ciyayya an ajiye shi, kamar yadda Dakta ya nema. Sai na gaba."

Da aka tashi, Ja'afar ya zo ya russuna, ya ce, "Malam, na gode da gyara." Muryarsa a daidai take, idonsa ne dai bai ɗago ba. Bai ɗauki jakar ba. Wataƙila mantawa ya yi, tunda mai mantuwa ne.

Mu'azu ya yi azahar da la'asar a masallacin jami'a, ya zauna a ofis ya fito da tsofaffin takardun laccarsa, waɗanda gefensu ya yi ja don daɗewa. Ya karanta shafin farko. Komai daidai, babu kuskure ko ɗaya, kuma shi kansa sai da ya yi hamma. Ya gaya wa kansa gajiya ce. Ya gaya wa kansa abin da ya yi don ɗalibai ya yi, kuma duk abin da ya faɗa a kan zoben nan gaskiya ne, wanda ya isa ya ƙaryata. Haka ne kuwa. Sai dai mai gaskiya ba ya yini yana nanata wa kansa cewa shi mai gaskiya ne.

A hanyar gida ya tarar da cunkoso. Gobe Juma'a, kasuwar Wudil, manyan motocin shanu sun fara sauka tun yanzu, sun toshe titi har kusa da gada. Ya zauna a bayan wata tirela, ƙahonni na leƙowa ta tsakanin katako, masu tallar soyayyen kifi suna ƙwanƙwasa masa gilashi. Ya kunna wayarsa, ya nemo bidiyon, wanda ya kalla ya fi a ƙirga a ɓoye. Ya kalli yadda ajin ya fashe da dariya a daidai inda Gwadabe ya yi dariya a wancan daren, ya kalli yadda hannuwa suka tashi sama da tambayoyi. A duk shekarunsa na koyarwa ba a taɓa ɗaga masa hannu haka ba. Ya kashe wayar ya jefa ta kujerar gefe.

"An dace?" matarsa Hajara ta tambaye shi yana cire takalmi. Ta san da mitin ɗin, don ta sha jin ƙorafinsa.

"An dawo mini da shi."

"To barka. Amma fuskarka kamar wanda aka ƙwace wa."

"Rana ce."

Ta dube shi, ta koma wurin tukunyarta.

Bayan magariba aka shimfiɗa babbar tabarma a ƙofar gida. Mu'azu ya fito da kwanonsa, tuwon shinkafa miyar taushe. Ladan ya zo da nasa, Maikano ya zo da nasa yana ƙamshin kifi, Gwadabe ya iso yana waya da wani mai shanu daga Lajawa, yana rantsuwa yana dariya a lokaci guda. Kowa ya dire kwanonsa a tsakiya ya ja da baya. Dokar ciyayya ke nan tun kakanni: da kwano ya taɓa tabarma ya tashi daga na gidan wane. Ba a cewa wannan nawa ne, ba a jawo shi gaba, ba a tambayar wa ya kawo mai nama wa ya kawo gaya. Saboda haka ne wanda gidansa aka yi ƙamfa yake iya zama ya ci ya ƙoshi ba tare da kowa ya sani ba.

Gwadabe ya kashe waya ya zauna. "Dakta, ashe mun yi suna. Ɗana ya nuna mini a waya, yaronka yana ba da labarin ciyayyarmu a jami'a. Na ce masa ai ni na ƙirƙiro wannan maganar, a nan wurin. Ko ba haka aka yi ba, Maikano?"

"Kai dai ka yi tambaya," in ji Maikano.

"To ai tambayar ce maganar. Ba don ni ba wa zai kawo ta? Ya kamata a riƙa ambaton sunana."

Aka yi dariya. Mu'azu ya yi tasa ta yaƙe. Ga wanda zai yi masa shaida ke nan.

Can sai ga Isyaku mai ɗinki ya ɓullo daga lungu, yana tafiya a hankali, kwano a hannun dama, kwano a hannun hagu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya dire su duka biyun.

"Yau kuma auren fari aka yi a gidanka?" Gwadabe ya tambaya.

"Ɗaya na Malam Ja'afar ne. Na biyo ta ƙofarsa ya miƙo mini, ya ce kansa ke ciwo, a ci ba shi. Na ce ya fito ko iska ya sha, ya ce a'a."

"Allah ya sawwaƙe," in ji ladan. "Ciwon kan 'yan boko. To ku matso mu rufe gurbin, kada tuwo ya huce."

Suka gyara zama, da'irar ta ɗan tsuke. Isyaku ya buɗe kwanukan. Na ƙarshen dambu ne, ya sha zogale da gyaɗa, tururi na tashi. Babu wanda ya ce daga ina yake, doka ta hana. Aka yi bisimilla, hannuwa suka fara zagayawa, wannan ya kai nan, wancan ya kai can.

Mu'azu ya kai hannu ke nan ya tsaya. Idonsa ya bi mutanen, ya bi kwanukan. Mutum biyar. Kwano shida. Ɗaya ya zo da biyu, an zuba a tsakiya, ga shi ana ci lafiya lau, babu wanda ya ji an rage shi da komai.

Tsigar jikinsa ta tashi. Ga zoben da ya zana a ƙasa da safe, ga shi a zaune a ƙofar gidansa yana cin tuwo. Kabon biyar, ilektiron shida, saboda ɗaya daga cikinsu biyu ya kawo. Ai ba magidanta ake ƙirgawa ba, kwanuka ake ƙirgawa. Misalin ba shi da ɓaraka ko kaɗan, rabinsa kawai aka faɗa. Jimla guda za a ƙara, Khairiyya da duk ajinsu ba za su sake faɗuwa wannan tambayar ba har su mutu. Har zobe mai kabon bakwai zai shiga, mutum bakwai kwano shida, ɗaya ya zo hannu rabbana an rufa masa asiri. Abin ya yi kyau har ya ji dariya tana taso masa, irin wadda rabonsa da ita tun yana ɗalibi.

"Kai, ka ga wani abu," ya ce, ya juya hagunsa da sauri, hannunsa ya riga ya tashi zai dafa gwiwar da ya saba dafawa.

Maikano ne a wurin, da loma a baki, yana kallonsa.

"Me zan gani, Dakta?"

Mu'azu ya dubi Gwadabe, ya dubi ladan, ya dubi Isyaku. A duk Wudil mutum ɗaya ne zai ji wannan maganar ya yi tsalle, kuma yana can lungu na biyu a kwance da ciwon kan da ba ciwon kai ba. Ajin da zai kai wa ita ranar Litinin kuwa, shi da bakinsa ya sa aka rufe ƙofar.

"Ba komai," ya ce.

Gwadabe ya turo kwanon dambun gabansa. "To ci mana. Tun ɗazu kai kaɗai ne ba ka taɓa wannan ba, kuma wanda ya yi shi kamar ya san kana so."